Iko In Ya Gangaro, Gonar Wa Yake Shiga?

Na daɗe ina koyar da dokar tsarin mulki, kuma kowace shekara akwai ranar da darasi yake kawo mu kan babin da Turawa suke kira "devolution". Da wuya ranar nan ta wuce ba tare da wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ya sunan abin nan da Hausa?" ba. A shekarun farko nakan ce masa miƙa iko. Daga baya na koma cewa rarraba iko. Wata shekara na ce sakin mara, sai na ga fuskoki sun washe, domin kowa ya san kukan ƙananan hukumomi na a sakar musu mara su yi fitsari. Duk da haka in na koma gida tambayar takan biyo ni. Wanda ya miƙo maka abu, ya bar maka ke nan, ko cewa ya yi riƙe mini? Wanda ya sakar maka mara, ya janye hannunsa, ko yana nan kusa yana jiran ya sake damƙa?

Tushen kalmar a harshen Latin gangarowa ne, irin ta abin da aka mirgino daga kan tudu. Lauyoyin Ingila suna amfani da ita in dukiyar mamaci ta faɗa hannun magada. 'Yan siyasarsu kuma suna amfani da ita in gwamnatin tsakiya ta ba wani yanki damar yin wasu dokoki, alhali igiyar tana hannunta. Kalma ɗaya ce ta goyo gado da aro tare, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san tsakanin waɗannan biyu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Manomi Bahaushe bai taɓa rikita su ba. In ka tambaye shi yadda gona ta zo hannunsa, kalma ɗaya zai faɗa ka san iyakar ƙarfinsa a kanta. Gonar gado tasa ce, 'ya'yansa za su raba. Gonar saye tasa ce, da shaidu. Gonar jingina tana hannunsa har ranar da mai ita ya kawo kuɗi. Gonar aro ya shuka gero da wake, amma kada ya dasa mangwaro, don itace yana kafa hujja. Gonar riƙo ta marayu ce ko ta wanda ya yi doguwar tafiya, amana ce a wuyansa. A cikin gida ma akwai gandu, akwai gayauna. Uba yakan yanka wa ɗa wani gefe ya noma a lokacin da ba a aikin gandu, amfanin nasa ne, ya sayi riga ko ya tara na aure, amma ƙasar tana nan ƙarƙashin maigida. Da a ce da Hausa aka fara rubuta littattafan tsarin mulki, da babin nan ya rabu gida biyar ko shida.

Da waɗannan kalmomi nake auna misalan da ke cikin littafi. Majalisar Sikotland, wadda aka kafa da dokar 1998 ta fara zama a 1999, gayauna ce babba mai albarka, amma majalisar Landan ce ta yanka ta, kuma ba ta sauke ikonta na yi wa Sikotland doka ba. Ailan ta Arewa ta ga ƙarshen maganar da idonta: a 1972 Landan ta rufe majalisarta, a 2002 ta dakatar da sabuwar har zuwa 2007. Kayan aro ba ya rufe katara. Tarayya irin ta Nijeriya ko Amurka kuwa, bisa ƙa'ida rabon gado ce: kundin tsarin mulki ne ya ba kowa nasa, babba ba shi da damar karɓewa shi kaɗai. Malaman Musulunci sun tsaya a kan irin wannan bambanci tun da daɗewa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kasa wazirci biyu: wazirin tafwili, wanda aka bar wa al'amari ya yi da ra'ayinsa, da wazirin tanfizi, wanda aikinsa zartar da abin da aka ce. Tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba jagororin jihadi a Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi riƙon amana ce, sarki yana hukunci a ƙasarsa, amma tabbatar da naɗinsa daga Sakkwato yake fitowa.

Duk wannan yana amsa tambaya ɗaya ce: wace irin bayarwa aka yi? Akwai tambaya ta biyu da littattafanmu ba su cika tsayawa a kanta ba, ni ma ban san nauyinta ba sai da na tsaya a bakin wata magudanar ruwa a Jazira ta ƙasar Sudan.

Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Khartum, baƙar laka mai tsattsagewa da rani. A 1925 Turawa suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka juyo kogi cikin filin domin audugar da masaƙun Ingila suke jira. Da aka ƙara yankin Manaƙil, gonakin sun haura fadan miliyan 2, fadan kuwa ya ɗan ɗara eka. Wanda ya san Kadawa da ruwan Tiga ya ga ƙaramin hotonsa. Ba inji ke tura ruwan ba, da kansa yake gangarowa. Daga madatsa ya shiga babbar magudana, daga ita ya shiga rassa, daga rassa ya shiga ƙananan magudanai da suke kira tur'a, daga tur'a ya shiga Abu Ishirin, sa'an nan Abu Sitta ta kai shi cikin hawasha, wato gonar da hukumar ta rubuta wa manomi. A kowace mahaɗa akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma akwai mai buɗe ta.

Da hantsi ne. Gafir, mai tsaron ruwa, ya iso a kan jaki, ya kama ƙarfen ƙofar ya murɗa, ruwa mai laka ya tunkuɗo ciyawa ya shige bututu da ƙara. A kan gaɓar, a ɗan siririn filin da ya rage tsakanin magudana da gonaki, akwai bukkoki da ɗakunan laka jere. Wannan shi ne kambo, jam'insa kanabi, masaukin 'yan ƙwadago. Wata yarinya tana cika jarka daga ruwan da awaki suke sha ƙasa da ita kaɗan, ruwan da ke ɗauke da tsargiya. Na yi wa wani dattijo sallama yana gyaran ƙotar fartanya. Ya amsa, ya dubi hulata, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Daga ina a ƙasar Hausa?" Muka zauna a inuwar bukka. Kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka. Ubansa a nan aka haife shi, a nan aka binne shi. Na ce, "Baba, wacce ce hawasharka a cikin waɗannan?" Ya nuna gonar da ke gabanmu da haɓa, ya ce, "Wannan na daɗe ina noma ta, ɗana, amma raba amfani muke yi da mai ita. Ruwan ta ƙofar ɗakina yake wucewa. Sunana ne ba ya cikin littafi."

A wurin na ga darasina kwance a ƙasa. Ruwan ya gangaro mataki-mataki, babu ƙofar da ta ƙi buɗewa, duk ƙa'ida ta cika, amma ya wuce mutumin da ya fi kowa kusa da shi ya shiga gonar da aka rubuta. Tambaya ta biyu ke nan: iko in ya gangaro, gonar wa yake shiga?

Hausawa sun riga madatsar Sinnar zuwa Sudan. Hanyar hajji ta ƙafa ta daɗe tana bi ta Barno da Wadai da Darfur, kuma a kowane zango akan bar wanda guzuri ya ƙare masa, ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko karantarwa. Babbar ƙaura ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato. A watan Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan ƙauyukan Fulani da Hausawa suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin har zuwa Rusairis, da bakin Dindir da Rahad. Da aka buɗe Jazira, hannayensu na cikin waɗanda suka yi noma da tsinkar auduga. A lokacin, ribar audugar kashi uku ake yi mata, gwamnati da kamfanin da ke gudanar da aikin da mai hawasha. Mai tsinka ladan aikinsa kawai yake karɓa.

Mutanen Sudan sukan haɗa su duka su ce Fallata ko Takarir, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Su kuma da yawansu sun daɗe suna kiran kansu matafiya. C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a Jazira, ya nuna a littafinsa na 1995 yadda jikoki da tattaɓa-kunnen alhazai suke cewa har yanzu a kan hanyar Makka suke. Kalma ce mai daraja a wurin Allah, amma a gaban hukuma tana da tsada, domin wanda ya ce shi mai wucewa ne ya sauƙaƙa wa mai rabon fili aikinsa. Mu muke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To raɓar da ta kusa shekara 120 a wuri guda, ta haifi 'ya'ya, ta binne iyaye, ta gina masallatai, ai ta tashi daga raɓa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan ta sha Larabci har ta yi launi nata na kanta. Harshe ba ya yin irin wannan rini a bakin mai kwana ɗaya.

Da na shiga tsofaffin dokokin Sudan sai na tarar da kalmar ajina, "devolution", zaune a can tun shekarun 1920. Da ita jami'an Ingila suke kiran manufarsu ta mayar da shari'a da haraji hannun shugabannin ƙabilu. A 1922 suka yi dokar da ta ba shaihunan makiyaya ikon hukunci, a 1927, zamanin Gwamna John Maffey, suka faɗaɗa ta zuwa mazauna ƙauyuka. Samfurin kuwa daga wurinmu aka ɗauko shi. Wani jami'insu, Reginald Davies, ya zo Arewacin Nijeriya ya duba yadda ake mulki ta hannun sarakuna, ya koma ya rubuta rahoto. En'e ɗinmu ce ta bi sawun alhazai gabas, ta sauya suna ta koma idara ahliyya. Tsaninta nazir a sama, umda a tsakiya, shaihi a ƙasa, kamar sarki da hakimi da dagaci. A kudancin Shuɗin Nilu kuma akwai mak, sarautar da ta samo asali tun daular Funj ta Sinnar.

Ahliyya daga ahali take, wato mutanen gida. Tsarin ya ginu a kan cewa kowace ƙabila tana da dar, gidanta na gado, kuma shugabanta ne yake raba gona, ya yanke rikicin iyaka, ya shaidi wane ɗan wane. Ashe tun ranar farko an haƙa wa ikon magudana zuwa ga masu dar. Mai Wurno ya samu fili da sarautar mutanensa. Amma Bahaushen da ke zaune a gefen ƙauyen wasu, ko a kambo, iyakarsa ya samu shaihi a ƙarƙashin umdan wasu.

Sai wata kalma ta zo ta ƙara ɗaure ƙullin: jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Tushenta ɗaya da jinsi da muka ara, wato iri. Dokar 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru, waɗanda suka zo aikin Jazira sun makara da kusan talatin. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, ta buɗe ƙofa ga mafi yawansu. Sai dai a teburin ma'aikaci akan tambayi ƙabila, a nemi shaidar shaihi ko umda. Wanda ba shi da umda nasa, da bakin wani zai tabbatar da cewa a nan aka yanke cibiyarsa. Duk mai mamakin abin da ya sa Hausawan Sudan suka damu da rawani, ya fara duba wannan.

Akwai wani malami da ya yi ƙoƙarin warware ƙullin, kuma labarinsa ya shafi duk mai sana'a irin tawa. Dokta Ja'afar Muhammad Ali Bakhit malamin Jami'ar Khartum ne, ya yi digirinsa na uku a Kambirij a kan mulkin Ingila da kishin ƙasa a Sudan tsakanin 1919 da 1939. Ya san idara ahliyya ciki da bai, kuma ya yanke cewa ita ce take danne talakan karkara. Bayan Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a 1969, Bakhit ya zama ministan ƙananan hukumomi, abin da yake koyarwa a aji ya zama doka a 1971. Aka rushe idara ahliyya a mafi yawan arewacin ƙasar, aka kafa majalisun jama'a tun daga ƙauye da unguwa. Niyyar mai kyau ce, mutum ya samu murya a inda yake zaune ba tare da an tambayi kakansa ba. Amma majalisun sun tashi hannu rabbana, jam'iyya ɗaya tilo ta hau kansu, kuma shekara guda kafin nan, a 1970, an yi dokar da ta mai da duk filin da ba shi da rajista mallakin gwamnati. Da hannu ɗaya aka miƙa wa ƙauye kujera, da ɗayan aka ɗauke ƙasar da kujerar za ta zauna a kai. Ina koyar da Bakhit da girmamawa da kuma tsoro, domin ya nuna mini cewa kalmar da malami ya zaɓa a kan allo tana iya zama rayuwar miliyoyin mutane.

Daga nan sunaye suka yi ta sauyawa. A 1980 aka tara larduna ƙarƙashin manyan yankuna. A 1991 gwamnatin Umar al-Bashir ta shelanta tarayya da jihohi 9, a 1994 ta mai da su 26, kowace wilaya da walinta. Jazira ta zama daban, Sinnar daban, Shuɗin Nilu mai hedikwata a Damazin daban. Rawunan da aka tuɓe suka dawo, tare da kalmar imara, wato masarauta, wadda gwamnati take ba wanda ta ga dama. A 1995 aka yanka imarori a cikin Dar Masalit a yammacin Darfur, jini ya biyo baya. A Jazira kuma dokar 2005 ta ce an miƙa wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa kula da ƙananan magudanai. Laka da ciyawa suka iso hannunsu, kuɗin yashewa da ƙwararru ba su iso yadda ya kamata ba, gonakin da ke can ƙarshe suka fara ƙishirwa. Bahaushe ba ya kiran wannan miƙa iko, sauke kaya yake ce masa. Ƙungiyoyin kansu na masu hawasha ne, mutumin kambo ba ya ciki.

Yarjejeniyar Juba ta 3 ga Oktoba 2020 ta ba Shuɗin Nilu hukmu zati, abin da muke fassarawa da cin gashin kai. Kalmar Hausar hoto ce cikakke: ga wuta, ga nama, ka gasa da hannunka ka ci. Sai dai ba ta faɗi su wa ke zaune a bakin wutar ba. Da iko ya matso kusa, kowa ya tashi neman wurin zama. Hausawa suka nemi a ba su imara a cikin idara ahliyya. Shugabannin gargajiya na yankin, na Funj da Hamaj da Barta, suka ƙi, domin a fahimtarsu rawani da ƙasa tare suke tafiya. A bakin Bahaushe imara tana nufin wanda zai tsaya mana, ya sa mana hannu a takarda, ya zauna a madadinmu ranar sulhu. A kunnen maƙwabcinsa tana nufin an yanki gonar kakanninsa. Siyasa ta shiga ta hura. A watan Yulin 2022, bayan kashe wani manomi a yankin Gaisan, faɗa ya ɓarke ya kai Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, aka kashe mutum fiye da 100 cikin 'yan kwanaki. Hausawa suka fita zanga-zanga a Kasala, Gadarif, Wad Madani da Khartum. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, ta ci fiye da mutum 200, dubban iyalai suka bar gidajensu.

Ina jin ciwon wannan har cikin ƙashina, kuma ciwon bai rufe mini ido daga tsoron ɗaya ɓangaren ba. Mutanen nan sun ga an karɓe dazukansu da dokar 1970 an ba masu gonakin tarakta daga nesa. Sun ga madatsar Rusairis, wadda aka gina a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, ta cinye ƙauyuka, aka kwashe jama'a zuwa sababbin garuruwa da aka sa wa lamba maimakon suna. Sun ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi musu alkawarin jin ra'ayinsu, ba a ƙarasa ba yaƙi ya dawo a 2011. Wanda aka yi ta yi wa ƙwace daga sama, abin da ya rage masa shi ne kalmar "ƙasarmu", ba zai sake ta da sauƙi ba. Talakawa biyu aka bari da ƙofa ɗaya matsattsiya, kuma dokar da ta ɗaura haƙƙi a jikin ƙabila ce ta gina ƙofar.

Nan ne Hausa ta sake buɗe mini ido, da kalmar da muke faɗa sau ɗari a yini: ƙasa. Ƙasa ita ce turɓayar da ake shuka a cikinta, a kuma binne mutum a cikinta. Ƙasa ita ce Sudan ko Nijeriya ko Nijar, mai tuta da iyaka. Ƙasa kuma ita ce kishiyar sama, inda talaka yake. In muka ce a saukar da iko ƙasa, wacce muke nufi? In turɓaya ce, iko zai tafi ga wanda kakansa ya fara saran daji. In mai tuta ce, zai tsaya wurin mai takarda. In kuwa kishiyar sama ce, zai nemi duk wanda ke zaune a wurin, yana shan ruwan wurin, yana biyan harajin wurin. Haka "ɗan ƙasa" take da fuska biyu. A kundin tsarin mulki tana nufin kowa da kowa, a bakin mai rabon fili tana nufin mu ban da ku. Dattijon kambo ɗan ƙasa ne a kundi, baƙo ne a bakin mai rabo, kuma mai rabo ne yake riƙe da littafin ruwa.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Sudan ne kaɗai. A Nijeriya ƙananan hukumomi 774 ne suke ba da takardar shaidar asali, kuma yaron da aka haifa a gari, ubansa ma a garin, yana iya rasa ta. Hausawan Jos sun san wannan. Tun da aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake jayayya kan wa ke da ita, an zubar da jini a 2001 da 2008. Mu ma a garuruwanmu akwai waɗanda aka haifa a Sabon Gari, iyayensu ma a nan aka haife su, har yau muna ce musu baƙi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, na kuma yi murna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mutum goma ne suke kwana a ɗakin, aka ce uku ne kaɗai masu ɗaki, sauran bakwai a ƙarƙashin yoyon za su kwana. Wanda yake neman adalci ga ɗan'uwansa a Damazin, ya fara da maƙwabcinsa a Fagge.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya bi ta kan Jazira. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF a Disambar 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a cikin waɗannan kwanaki ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ba da rahoton hare-hare kan mazauna kanabi, ciki har da Kambo Tayba, bisa zargin sun haɗa kai da RSF. Wanda sunansa ba ya cikin littafi ranar rabon ruwa, shi ake fara nunawa ranar neman mai laifi. Duk ranar da bindiga ta yi shiru za a zauna rubuta sabon tsarin mulki, za a sake kawo kalmomin nan, tarayya da manyan yankuna da cin gashin kai, kuma malaman doka ne za a ba alƙalami.

Yanzu in ɗalibi ya tambaye ni sunan abin da Hausa, nakan ce ya ɗauki dokar ya yi mata tambayoyin manomi. Gado ne ko aro? Wa ke riƙe da makullin ƙofa? An haɗo da kuɗin yashe magudana, ko laka kaɗai aka miƙo? Sa'an nan babbarsu: sunan wa ke cikin littafi, kuma da me aka shiga, da jini ko da zama? In ya matsa sai na ba shi kalma, nakan ce masa isar da iko. Isa a Hausa ita ce kaiwa inda aka nufa, kamar yadda matafiyi yake isa gari. Isa ita ce wadatarwa, kamar yadda tuwo yake isar mutanen gida. Isa kuma ita ce matsayi, kamar yadda muke cewa wane ya isa ya yi magana a ji. Tsarin da ya kai, ya wadatar, ya kuma sa talaka ya isa, shi ya cancanci sunan.

Kirana ga 'yan'uwana masu koyar da doka, na Khartum da Wad Madani, na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, shi ne mu koyar, mu kuma rubuta, cewa haƙƙin ruwa da makaranta da ƙuri'a da takarda a kan zama ya kamata a ɗaura shi. Sarauta ta ci gaba da aikinta na sulhu da riƙon al'ada, amma kada ta zama ƙofar da sai ta cikinta ake zama ɗan ƙasa. A yi wa gonar gadon mutanen Shuɗin Nilu rajista don su daina kwana da fargaba, a mai da kanabi ƙauyuka masu suna a littafin hukuma. Manomin Jazira ba ya auna ruwa a bakin madatsa, a gonar ƙarshe yake auna shi. Ikon da bai isa kambo ba, bai sauko ba.